Gangaren da Zailani Ya Zana a Teburina

Har yau in na tuna ranar da Zailani ya ɗauki ƙusa ya kama kartar teburina sai raina ya ɓaci. Sabon tebur ne fa, na katakon maɗaci, ko wata biyu bai yi da fitowa daga hannun kafinta ba. Na je ɗebo ruwa na bar mutumin nan yana shan shayi, kafin in dawo ya ja layi biyu tun daga wannan baki har wancan, yana ta yanka su gida-gida kamar mai rabon gonar gado.

Na ce, "Kai Zailani, hauka ka fara?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Uba, janye mini gwangwanin madarar nan, a kan gada ka ajiye shi."

Ni ne Uba mai shayi na bakin tashar Tudun Wada, kuma duk direban da ya bi hanyar Doguwa a shekarun nan ya sha ruwan zafina, ya yaba ko ya kushe, matsalarsa ce. Zailani kuwa kamasho ne a tashar, shi ke tsara layin motoci yana kiran fasinja, da sandarsa a hammata. Amma ba a kamasho ya fara ba. Mutumin Badafi ne, ɗan manoma, wanda tun yana saurayi ya ce shi fartanya ba ta karɓe shi ba. Ya gudu Bebeji ya yi shekara shida yana ɗaurin kaya da turin mota kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Ya fara da wata a-kori-kura, yana kwasar kifi daga Tiga zuwa Kano, daga baya wani attajiri ya ba shi babbar mota ya koma ɗaukar masara daga Doguwa. Shekara tara yana tuƙi ko kaza bai taɓa takewa ba, har 'yan tasha suka sa masa suna Zailani Birki.

Akwai wani gangare kudu da garinmu in ka taso daga Doguwa. Direbobi na ce masa Gangaren Tasalla, saboda wata tsohuwa mai fura da ta daɗe tana zama a samansa. Dogo ne, da kwana a tsakiya, a gindinsa kuma burtali ya ratsa titi, nan shanu ke tsallakawa zuwa mashaya. A kakar 1983 Zailani ya sauko da lodin masara ya afka wa garke, motar ta kife. Shanu bakwai suka mutu, shi kuma aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Labarin da ya bayar tun yana gadon asibiti, wanda duk muka haddace, shi ne makiyayin barci yake a gindin bishiya, shanu suka faɗo titi ba zato. Wa zai ƙaryata Zailani Birki? Aka ɗora wa makiyayin laifi, wani mai suna Buba, manyan gari suka tashi rugarsu daga wurin, suka koma can yamma inda ruwa ke da nisa.

Shekara uku bayan haka ne ya ɓata mini tebur. Abin da ya tunzura shi kuwa lido ne. Samarin direbobi kan zauna a wurina suna buga lido kafin layi ya zo kansu, shi kuma yana gefe yana ta huci. Ran nan ya kasa daurewa ya ce, "Wace irin mota ce wannan, tana tsaye ta yi tsalle gida shida, sannan ta tsaya cak? Ko jaki ba ya haka. Shi ya sa kuke kashe mutane."

Abin da ya zana hanya ce, daga Doguwa zuwa Tudun Wada, gida sittin, da gadarta da kwanoninta da gangaren nan. Mota murfin kwalbar lemo ce, an kifa ta baki sama. Gudu kuma ƙwayar masara ce da ake zubawa a cikin murfin. In ƙwaya huɗu ce a ciki, to gida huɗu za ka matsa in zagaye ya zo kanka, ba ƙari ba ragi, ko da kuwa uwarka ce a tsaye a gida na uku. Kowane zagaye kana iya taka totur ka ƙara ƙwaya ɗaya tak. In birki ka taka, motar da ba kaya ta zubar da biyu, mai lodi kuwa ɗaya kawai. Nan ne samarin ke shan mamaki. Mutum ya tara ƙwaya shida yana murna, sai a ce masa ga rami a gida takwas gaba, ya lissafa ya ga ko ya taka birki yanzu sai ya ci biyar, ya ci huɗu, ya riga ya wuce ramin da motarsa a kife. Zailani ya kan ce, "Tsayawa ba a inda ka ga abu ake fara ta ba. Tun can baya ake fara ta, lokacin da ba ka ga komai ba."

Gangaren yana da nasa hukunci. Daga samansa zuwa burtali gida goma sha biyar ne. In ka iso sama da ƙwaya uku ko ƙasa da haka, sai ka ce ka sa lamba biyu, inji ya riƙe motar, gudunka ba ya ƙaruwa. In ka iso da fiye da uku giya ba ta shiga, gangare ya riƙa ƙara maka ƙwaya ko ba ka so.

Kuma ba direba kaɗai ke wasan ba. Wani ya zama fasinja mai gaggawa, aikinsa kawai ya dami direba: "Haba direba, taka mana, kasuwa za ta watse!" Wani ya zama makiyayi da tsakuwa biyar a burtali, su ne shanu. Zailani shi ne mai hanya, bakinsa ke faɗin abin da ke faruwa. Sai ka ji ya gyara murya ya ce, "Ka baro Doguwa da hantsi. Jiya an yi ruwa, kwalta na santsi. Ga wata mata can da akuya biyu tana ɗaga maka hannu. Me za ka yi?" Wallahi sai ka ga ƙato da gemu yana zufa a kan murfin kwalba. Ni kuma ina can ƙarshen tebur ina neman inda zan yanka burodi.

Da surutu ya yi yawa cewa caca ake yi a wurina, Malam Khalil mai makarantar allon bayan tasha ya zo da kansa. Na tashi na ba shi benci. Ya tambayi Zailani ko ana ajiye wani abu a ci, ya ce a'a. Ko akwai ƙwallon da ake jefawa don sa'a, ya ce babu, hankalin mutum ne kawai. Malam ya ce to a ba shi murfi ɗaya ya gani. Bai kai gida ashirin ba ya tara ƙwaya bakwai ya daki gada. Ya yi salati, sannan ya miƙe ya ce a ci gaba, amma da an kira salla a tashi.

Isa kuwa a hankali ya shigo. Makiyayi ne, yana kuma ɗan noma dawa, ranar kasuwa kaɗai yake zuwa gari a kan kekensa, ya sha shayi ba madara ya tsaya yana kallo. Ƙanin Buba ne, wannan da aka tashi rugarsu, kuma duk mun sani, ba dai mai ɗaga maganar. Ran nan wani direba da ke riƙe da tsakuwoyin ya kwashe su gaba ɗaya daga titi, Isa ya yi dariya ya ce, "Shanu ba buhu ba ne, ba a ɗauke su a tare. Ɗaya ke bin ɗaya. Kuma muna da kunne. In muka ji kukan inji daga saman tudu, nan muke fara kaɗa su." Zailani ya karɓi gyaran nan take. Aka mai da shi doka: da an ji inji a saman gangare, makiyayi ya janye tsakuwa ɗaya kowane zagaye. Mai saukowa da ƙwaya uku zagaye biyar yake yi, ya tarar da hanya fes. Daga ranar Isa ne makiyayin wasan duk ranar kasuwa. Abin da na lura da shi kawai, shekara da shekaru suna wasa a tebur ɗaya, Zailani bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Na ɗauka haushin ƙafarsa ne.

Yanzu bari in zo kan Ladan, don shi ne dalilin wannan labari. Ƙanin Zailani ne ciki ɗaya, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Lokacin da nake magana Ladan ya kai talatin, da matarsa Zuwaira da 'ya'ya biyu. Ya yi acaɓa a Bebeji, ya ja tasi ta wani, hannunsa na da kyau amma ƙafarsa nauyi gare ta, in ya taka totur kamar ya manta inda ya ajiye ta. Zailani kuma ya daɗe yana harhaɗa wata a-kori-kura daga gawar motoci uku, yau ƙofa gobe gilashi, har ta tashi. Tana ajiye bayan rumfata an rufe ta da tamfol, makullin yana rataye a wuyansa da igiya. Kowa ya san don Ladan aka haɗa ta. Amma Zailani ya rantse a gaban jama'a ba zai ba shi makullin ba sai ya kawo murfi mai lodi daga Doguwa zuwa Tudun Wada a teburina sau uku a jere, bai taɓa komai ba.

Ladan ya ce, "Yaya, da girmana za ka sa ni wasan yara?"

Zailani ya ce, "Da girmanka ake binne ka in ka ƙi."

Wannan a 1994 ne, shekarar da mai ya yi wuya. Motoci su kwana biyu a layin gidan mai, 'yan bumburutu na yawo da galan suna yanga kamar su suka haƙo shi. Zailani da ba ya barin abin da ke titi ya wuce bai sa shi a tebur ba, sai ya ƙaro doka. Kowane direba a ba shi gyaɗa goma sha biyar a kwalin ashana, ita ce fetur, kowane zagaye ya ajiye ɗaya. Wannan ta gama da Ladan. In ya yi gudu ya kife, in ya bi a hankali gyaɗarsa ta ƙare ana hango Tudun Wada. Wata guda cur yana faɗuwa, 'yan tasha na masa ihu. Masara kuwa ta nuna a Doguwa, masu kaya na neman mota ido rufe, Zuwaira ta fara aiko mini da saƙo wai in yi wa Yaya magana. Ni me ya haɗa ni? Tebur na ba da, ban ba da baki ba.

Ran wata Litinin Ladan ya iso saman gangare da ƙwaya uku, maimakon ya ce lamba biyu sai ya jingina ya ce, "Na sake ta firi."

Ga wanda bai san tuƙi ba, firi shi ne ka cire giya gaba ɗaya a gangare, wasu har su kashe inji, mota ta gangara da nauyinta ba ta shan mai. A shekarar nan kusan kowane direba yana yi, har alfahari suke da yawan man da suka tsirar. Sai dai a teburin Zailani, shekara takwas ana wasa, ba wanda ya taɓa faɗin kalmar, don in ba gyaɗa ba ta da amfani.

Ladan ya ce, "Tunda inji a kashe yake, ba zan ajiye gyaɗa ba. Ko akwai dokar da ta hana, Yaya?"

Na dubi Zailani. Mutumin da ke da amsar komai, wanda ya san hukuncin tayar da ta fashe da na akuyar da ta tsallaka, sai ga shi yana sosa wuya. Can ya ce a hankali, "Babu. Ci gaba." Murfin ya sauko uku-uku, mai riƙe da tsakuwa ya janye su ɗaya-ɗaya yadda aka saba, Ladan ya shigo Tudun Wada da ragowar gyaɗa biyu ya jefa su baki. Washegari ya maimaita. Biyu ke nan.

Kwana biyun nan Zailani bai sha shayina ba. In zuba masa, ya yi sanyi, in zubar ina masifa. Na ce, "In ciwo kake ka faɗa, sukari ba a ƙasa nake tsintarsa ba." Yana zaune yana murza igiyar wuyansa, ya bar motoci biyu suna rigimar layi bai ko leƙa ba.

Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwa, bayan azahar, tasha cike. Isa ya jingine kekensa ya karɓi tsakuwoyinsa. Zailani ya cire makullin daga wuya ya ajiye a gefen tebur. Ladan ya taho da kyau, gaskiya, ya rage kafin gada, ya rage kafin kwana, mai gaggawa na ta zuga shi bai kula ba. Ya iso saman gangare da ƙwaya uku ya ce, "Firi."

Isa bai taɓa tsakuwarsa ba. Ya dubi Zailani ya ce, "Mai hanya, ina da tambaya. Ni dokata in na ji inji in kaɗa shanu. Wannan motar, na ji ta?"

Tambaya ce ta wasa, kuma kalma ɗaya ta isa. Da Zailani ya ce ka ji, shi ke nan, Ladan ya ɗauki makulli ana tafi, sunan Birki na nan daram. Zailani ya dubi murfin nan. Sannan ya ɗaga kai ya kalli Isa, karon farko da na taɓa gani, ya ce, "Ba ka ji ta ba. Bar shanunka inda suke."

Ya jawo kwanon masara gabansa. Ya ce, "Ga hukuncin firi. Kowane zagaye gangare ya ƙara ƙwaya biyu. Birki ya cire ɗaya. In ka taka shi sau biyu ya yi zafi, ba ya cire komai. Giya kuma ba ta komawa."

Ladan ya miƙe tsaye. "Haba Yaya! Jiya ina wannan dokar take? Shekaranjiya fa? Yau da ka ga zan ci ka ƙago ta? In ba ka son ba ni motar ka faɗa a gaban mutane, ka daina wahalar da ni!"

"Zauna ka matsa murfinka."

Ya matsa uku. Ya taka birki, ya matsa huɗu. Ya sake takawa, ya matsa biyar. Saura gida uku ya kai burtali, birki ya mutu, Zailani ya zuba masa biyu suka zama bakwai. Murfin ya ratsa tsakuwoyin Isa ya wuce su da gida huɗu. Ba wanda ya yi dariya.

Ladan ya ce, "Ƙarya ce. Wa ya ce haka mota take yi?"

Zailani ya ce, "Ni na ce. Na gwada."

Ya ɗauki wani murfi ya kai saman gangaren da hannunsa, ya zuba ƙwaya huɗu. Ya ce, "Ran nan da huɗu na iso. Buhu ɗari a bayana. Na cire giya na kashe inji, don in rage mai in burge maigidana. Na sha yi a baya ina tsira." Ya matsa huɗu. "A nan na taka." Ya matsa biyar. "A nan na fito kwana na hango su, na sake takawa, na ji warin birki. Na nemi giya ta ƙi shiga." Ya matsa shida, murfin ya tsaya daidai kan burtali. "Buba ba barci yake ba. A tsaye yake tsakiyar titi da sandarsa, ya juyo yana kallona, bai san ina zuwa ba sai da ya gan ni. Shi ya jawo ni daga ƙarƙashin motar. Shi ya ɗaure mini ƙafar da rawaninsa."

Innalillahi! Ni da nake zuba wa mutumin nan shayi shekara goma sha ɗaya, ni da na zagi Buba a wannan rumfa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba don in faranta masa, ban san komai ba. Na ji haushinsa ƙwarai, na ji kunyar Isa, har na rasa inda zan sa idona. Na ɗauki butar shayi na ajiye, na sake ɗauka.

Ladan ya fi kowa shiga wani hali. Shi ne fa ya taɓa cire wa wani haƙori a Bebeji don mutumin ya ce wataƙila Zailani firi ya yi. Ya tsaya yana kallon Zailani kamar bai san shi ba. Zailani ya tura masa makullin ya ce, "Sau biyu ka ci a kan dokar da na ɓoye, ba ni da bakin riƙe ka da rantsuwa. Ɗauki. Ka tsane ni in kana so, ba zan ce don me ba. Amma kada ka cire giya a gangaren nan, Ladan. Ko mai zai ƙare maka a daji ka kwana can, kada ka cire."

Ladan ya ɗauki makullin. Muka ji ya yaye tamfol, ya ta da motar, ya fice.

Zailani ya juya wajen Isa ya fara cewa, "Malam Isa, ni dai..." Isa ya tattara tsakuwoyinsa ya ajiye su a tsakiyar tebur ya ce, "Mun sani tun ranar. Buba ya faɗa, ba wanda ya saurare shi. Yana nan da rai, in kana da magana shi za ka gaya wa." Ya hau kekensa ya tafi.

Kafin la'asar labari ya gama tasha. Wasu suka ce ya yi jarumta, wasu suka ce shekara goma sha ɗaya ta yi yawa, wani ɗan iska ma har ya kira shi Zailani Firi a gabana, na kore shi, ban tuna da kofina a hannunsa ba sai da ya yi nisa. Na ɗauka Zailani zai ɓuya a gida. Ina! Washegari tun da safe ya iso, ya tsara layinsa, duk direban da zai hau hanyar Doguwa sai ya tare shi a tagar mota ya gaya masa abin da ya yi da bakinsa, ko mutum yana son ji ko ba ya so. Ya kuma aika a tambayo masa hanyar sabuwar rugar su Buba, ya ce ranar Juma'a zai je ko da a kan jaki ne.

Amma hankalinsa ba a nan yake ba. Mun sami labari Ladan ya wuce Doguwa tun asuba ɗaukar masara, zai kai Kano. Tun hantsi Zailani ya jawo benci bakin titi ya zauna yana fuskantar kudu. Duk motar da ta ɓullo sai ya ɗaga. Wajen azahar muka hango ta, ta sha lodi har ta durƙusa. Ladan ya wuce ta gabanmu, bai tsaya ba, bai danna ham ba, ko juyowa bai yi ba.

Na ce, "To alhamdu lillahi, ga shi nan lafiya. Taso ka sha wani abu."

Ya ce, "Ni ma sau nawa na wuce lafiya? Wucewa lafiya ba ta gaya mini komai, Uba. Ban san yadda ya sauko ba."

Ya ƙi tashi. Rana ta dake shi, na kai masa hula ya ajiye ta a cinya. Raina ya ɓaci na yi ta faɗa ni kaɗai, na ce shi da ƙaninsa duk kansu ɗaya, taurin kai kamar an haɗa su da dutse. Tausayinsa nake ji, ban dai iya faɗa ba sai da masifa.

Bayan la'asar sai ga Isa a kan keke, alhali ba ranar kasuwa ba ce. Ya jiƙe da zufa, da gani daga nesa ya taho. Bai zo rumfata ba, ya tsaya gaban bencin, ƙafa ɗaya a ƙasa. Suka gaisa a gajarce.

Ya ce, "Yau ni ke da garke a burtali. Motar ƙaninka ta sauko da azahar."

Zailani ya kama sandarsa da hannu biyu.

Isa ya ce, "Tun daga sama na ji ta. Kuka take kamar za ta tsage, har ta firgita mini 'yan maruƙa. Na gama tsallakar da su duka, na tsaya ina jira, sannan ta iso."

Zailani ya ce, "Ka ji ta?"

"Na ji ta. Har wanda ke mashaya ya ji ta."

Sai mutumin nan ya kifa goshinsa a kan sandar ya fashe da kuka, a bakin titi, gaban fasinjoji da masu talla, ƙato da furfura. Isa bai tafi ba. Ya sauka daga keken, ya jingine shi, ya zauna a ɗaya gefen bencin yana kallon hanya har ya gama.